Alama ta Huɗu a Filin Durumi

Ni dai tun farko ina cikin waɗanda suka yi murna da aka ce za a gyara Filin Durumi, kada wani ya ce muku na yi adawa. Shekarata goma sha tara ina facin taya a kusurwar filin nan, dab da ƙofar babban masallacin unguwarmu a Gumel, kuma abin da idona ya gani a wurin ya isa. Hanyoyi huɗu ne suka haɗu a cikinsa, amma babu mai iya nuna maka inda titi ya ƙare da inda wurin mutane ya fara. 'Yan adaidaita su ratsa ta tsakiya, 'yan acaɓa su kurɗa ta bayan masu tebur, ranar Alhamis kuwa, ranar kasuwar Maigatari, manyan motocin shanu su yanko ta ciki don gudun cunkoson babban titi. Kuma a nan ake sallar jana'iza, a nan ake kafa rumfar ɗaurin aure. Yadda ba a kwasar gawa kullum, Allah ne kawai yake tsarewa.

Ta cikin wannan hargitsin mahaifina, Malam Ishaƙ, yake ratsawa kullum shi kaɗai. Shekara goma sha biyu ke nan da ciwon ido ya tafi da ganinsa. Asuba da magariba da lisha a ɗan masallacin ƙofar gida yake yi, amma da rana ta take sai ya ɗauki sandarsa, ya ƙetare filin tun kafin a kira azahar, ya zauna a sahun gaba har a yi la'asar, sannan ya dawo. Ba ya yarda a riƙe masa sanda. Ƙanena Saifuddeen ya taɓa gwadawa sau ɗaya, Baba ya fizge, ya ce, “Ranar da aka ja ni kamar akuya, ranar na daina fita.” Duk gidan mun san ba ya magana biyu.

Ni ne ɗansa na fari, kun kuwa san yadda tsofaffinmu suke da ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba. Ɗanjuma nake, amma a bakinsa ni “wancan” ne, in ya ji daɗi kuma “mai facin nan”. Da safe in durƙusa in gaishe shi, ya amsa a gajarce. In yana da saƙo, ta bakin Saifuddeen zai biyo. A waje kuwa sai ya zo ya wuce ta gabana, taku biyu tsakaninmu, kamar babu kowa a wurin. Barau wanzami zai gaishe shi ya amsa har da tambayar iyali, ni kuwa tun ina gaishe shi a fili har na daina. Na saba, amma ƙarya nake in na ce abin ba ya yi min ciwo, ga ni da shekara arba'in da uku da 'ya'ya biyar.

Wadda hukuma ta turo ta tsara gyaran wata injiniya ce, Mansura, 'yar garin Sule Tankarkar, siririya mai farin tabarau, da hular kwano a kan mayafi. Kwana uku ta yi a gindin durumi tana ƙirga motoci da mutane a littafi, sannan aka tara mu a ƙofar gidan mai unguwa ta baje taswira a kan tabarma. Motoci za su riƙa zagayawa ta gefen filin, tsakiya ta masu tafiya a ƙafa ce, durumi yana nan ba za a taɓa shi ba, an bar sarari na jana'iza da biki. Mu masu sana'a kuma za a jera mu a layi ɗaya ta yamma, a bakin titi. Ta ce kafin a zuba siminti ko buhu ɗaya, sai an gwada na mako biyu da tsofaffin tayoyi da farar ƙasa. Nan take na ce tayoyi a wuyana. Ina da sama da ɗari biyu jibge a bayan rumfata, maƙwabta sun ishe ni da ƙorafin sauro.

Har za a tashi sai ta ce, “Na ga wani dattijo marar gani yana ƙetarewa kullum da rana. Wa ya san yadda yake gane hanya?”

Kowa ya juyo ya dube ni. Abin da ya kamata in ce shi ne ban sani ba, amma bakina bai iya wannan maganar a gaban jama'a ba.

Na ce, “Mahaifina ne. Taku yake ƙirgawa. Daga ƙofar gida zuwa masallaci, ya san adadin takunsa.”

Ta ce, “Malam Ɗanjuma, ka tabbata?”

Na ce, “Haba Injiniya! Ni zan gaya miki ubana ko ke za ki gaya min?”

Aka yi dariya, na ji kaina ya yi girma. Ta rubuta a littafinta, ta ce to za ta tabbatar babu abin da ya tare masa tsakanin gida da masallaci, in aka zo zuba siminti kuma za a yi masa layi mai kaushi wanda sanda za ta riƙa ji.

Da gangan ta zaɓi ranar Alhamis a fara gwajin, wai in tsarin ya jure wa ranar kasuwar Maigatari, zai jure wa kowace rana. Tun hantsi aka gama jera tayoyi fari fat, aka bar ƴan kafofi inda mutane za su ƙetara titi. Aka kwaso mu duka zuwa yamma: Barau da kujerar askinsa, Cindo da faifan goronsa, Iya Kyauta mai fura da ƙwaryoyinta, ni da injin iskata. Wallahi filin ya yi kyau. Na ga mata suna ratsawa da tallarsu babu mai waiwaye, na ce a raina ashe haka wurin nan yake da faɗi.

Ina cire ƙusa daga tayar wani ɗan adaidaita sai na hango Baba ya fito. Ya taho har gindin durumi, ya ɗan tsaya, ya ci gaba a hankali. Iya Kyauta, wadda ƙawar marigayiya mahaifiyata ce, ta hango shi daga sabon wurinta, ta ɗaga murya yadda ta saba yi kullum.

“Allah gafarta Malam, an fito?”

Sai kawai na ga Baba ya juya ya nufo muryar. Ya taho da saurinsa irin na wanda ya gane hanya, ya bar Iya a damansa, ya bi ta kafar da ke tsakanin tayoyi biyu, sai ga shi a kan titi. Wata babbar mota ta taho maƙare da shanu. Ban san lokacin da na yar da abin da ke hannuna ba. Direban ya taka birki, shanun suka dunƙule wuri ɗaya a baya, mata suka sa salati. Motar ta tsaya, amma sandar Baba tana ƙarƙashin tayar gaba, ta karye biyu.

Na kama hannunsa. Na janye shi daga gaban motar. Direban, wani ɗan Nijar, ya leƙo yana ta faɗa, ko kallonsa ban yi ba, ni da ba a gaya min ɗaya ban mayar da uku ba. Na ja mahaifina ta tsakiyar filin nan, a gaban kowa, har ƙofar gida. A bakin zaure ya zare hannunsa daga nawa, ya shafa bango ya shige.

Washegari bai fito ba. Jibi ma haka. Na sayo sabuwar sanda a kasuwa na ba Saifuddeen ya kai masa, aka jingine ta a zaure, ko taɓa ta bai yi ba. Azahar da la'asar a ɗaki yake yi. Abincinsa ya ragu, rediyon da ba ya rabuwa da ita ya kashe. Mutumin da ke cika gida da gyaran murya, sai ka shiga ka rantse ba ya nan. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga tsofaffin da suka zauna irin wannan zaman, ba su daɗe ba.

A kwana na huɗu na tarar da Mansura a gindin durumi, na sauke mata duk abin da ke cikina. Na ce sun zo da takarda da biro sun kusa kashe min uba, na ce a kwashe tayoyina yau ɗin nan, na ce karatun da ba ya gane tsoho ba karatu ba ne. Ta tsaya har na gaji don kaina. Sannan ta buɗe littafinta ta nuna min da yatsa.

“Malam Ɗanjuma, ga abin da ka faɗa a gaban mai unguwa. Ka ce taku yake ƙirgawa. Mai ƙirga taku ba zai bar hanyarsa don an gaishe shi ba.”

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Ta rufe littafin, ta ce, “Amma nawa laifin ya fi naka. Na tambayi ɗa, ban tambayi mai tafiyar ba. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Zai yarda in zo in gaishe shi?”

A kwana na tara ya yarda. Iya Kyauta ce ta raka ta. Suka shiga zaure, Mansura ta cire takalmi da hular kwano ta durƙusa, ni kuma na zauna a dakalin waje, jikin ƙofa, inda nake jin komai. Bayan doguwar gaisuwa ta ba shi haƙuri, ya ce ƙaddara ce, babu komai. Sai ta ce, “Baba, an ce min taku kake ƙirgawa.”

Ya ce, “Taku? Wa ya gaya miki wannan shirmen?”

Na sunkuyar da kai a waje kamar yana ganina.

Ya ce, “'Yar nan, takun tsoho na yau ba na jiya ba ne. Ranar da gwiwa ta tashi, goma sai ta koma sha biyar. Mutane nake bi. In na fito, Barau zai gaishe ni. In na ji shi a hagu, na san ina gindin durumi. Sai Kyauta ta gaishe ni, in nufi muryarta, in bar ta a dama. Sai Cindo mai goro, in na ji shi sai in karkata gabas. Shekara goma sha biyu babu ranar da ɗayansu ya bar ni na wuce bai gaishe ni ba. Rannan na ji shiru a durumi, na ce ko Barau ya je wani suna ne. Da na ji Kyauta sai na ce alhamdu lillahi, ga hanya.”

Iya ta fashe da kuka, tana cewa ashe ita ta kira shi bakin mota. Ya ce ta yi shiru, gaisuwa ba ta taɓa zama laifi ba.

Mansura ta ce, “To Baba, bayan Cindo fa? Na ga akwai sauran tafiya, ga lambatu a gaban masallaci, ɗan dutsen da aka ɗora a kai kuma siriri ne.”

Na ji yana gyara zama a kan buzu.

“Bayan Cindo sai masallaci.”

“Babu wata alama kuma?”

“Na gaya miki abin da zan gaya miki.”

Ta roƙe shi, in ta mayar da mutanen nan uku inda suke, ya daure ya sake gwadawa. Can ya ce, “Sau ɗaya. Kuma kada wanda ya kira ni, kada wanda ya ce min nan ko can. In aka sake kama hannuna, to ɗakina ya ishe ni har ranar da za a ratsa da ni filin naku a makara.”

Daga nan Mansura ta koma kan taswirarta. Na ji an ce sai da suka kai ruwa rana da shugabanta, wanda ya ce bai taɓa ganin hanyar ƙafa mai lanƙwasa uku a fili ɗaya ba. Ta kawo shi da kansa ta nuna masa sawun da ƙafafu suka riga suka yi a ƙasa, don ashe ba Baba kaɗai ba ne, matan da ke zuwa injin niƙa ma ta nan suke bi saboda inuwa. Ya haƙura. Aka sa ƙananan rumfuna uku a cikin tsarin, ta Barau da ta Iya da ta Cindo, kowa a tsohon wurinsa. Ni kuwa aka bar ni a yamma, bakin titi, kuma ban yi ƙorafi ba. Mai faci ai titi yake so, aikin da nake samu a can ya ninka na da.

Ranar Litinin aka sa Baba zai sake gwadawa. Mansura ta bi kowa ta ja masa kunne: a gaisa yadda aka saba, ban da ƙari. Da rana ta take na kashe injin iska, na ajiye guduma, har wani ɗan acaɓa da ya zo yana min surutu na ce ya rufe min baki ko ya tura babur ɗinsa gaba. Na tsaya a bakin rumfata ina hango ƙofar gidanmu.

Sai ga shi da sabuwar sanda. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

“Allah gafarta Malam, an fito?” in ji Barau.

“An fito, Barau. Ya iyali?”

Ya wuce durumi. Iya ta gaishe shi, ya nufe ta, ya bar ta a dama. Cindo ya gaishe shi, ya karkata gabas. Na fara sauke ajiyar zuciya ke nan, sai na ga ya yi taku kamar goma ya tsaya cak.

Ya karkata kai yana saurare. Ya juya kan ɗaya gefen. Saura kaɗan ya kai lambatu, amma ɗan dutsen ƙetarewa yana can ta hagunsa, shi kuma bai motsa ba. Filin ya yi tsit, har 'yan adaidaita sun kashe injinansu suna kallo. Cindo ya miƙe zai je, Mansura ta ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. Minti ɗaya, minti biyu. Sai na ga kafaɗun Baba sun sauka, ya fara juyawa a hankali ta inda ya fito. Na ce shi ke nan, ya koma ɗaki, kuma ni na jawo.

Ban ankara ba sai ga Iya Kyauta a kaina. Tsohuwar da ke tashi da ƙyar, wallahi da gudu ta zo, tana riƙe da bakin zaninta.

“Kai, shashasha! Me kake yi a nan ka yi shiru? Ɗauki gudumarka ka koma inda kake da!”

Na ce, “Iya, guduma kuma?”

“Za ka tafi ko sai na kwaɗa maka ludayi? Je ka buga wani abu!”

Na suri wani tsohon rim, ƙarfen da ake sa wa tayar mota, na saɓa a kafaɗa, na ɗauki guduma, na zagaya ta bayan 'yan adaidaita a guje. Tsohon wurina yana nan a kusurwar masallaci, ƙasar ta yi baƙi da man shekara goma sha tara. Na dire rim ɗin na maka masa guduma. Na sake makawa.

Baba ya tsaya. Ya juyo da kansa, sai na ga fuskarsa ta saki. Ya gyara riƙon sanda ya taho, ba sauri ba nawa, daidai yadda yake tafiya kullum. Ina bugu ina kallonsa ta gefen ido. Ya zo ya wuce ta gabana, taku biyu tsakaninmu, ya bar ni a hagu, sandarsa ta taɓa dutsen, ya ƙetare, ya cire takalmi ya shige masallaci. Wani ya yi kabbara, 'yan adaidaita suka hau danna oda. Ni kuwa na zauna daɓas a kan rim ɗin, gumi har cikin idona. Daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka yi min haihuwar fari.

Iya ta ƙaraso tana haki, Mansura a bayanta.

Mansura ta ce, “Iya, na tambaye shi har sau biyu ko akwai wata alama. Me ya sa bai faɗa ba?”

Iya ta ce, “Ke ma dai, kamar ba 'yar ƙasar nan ba. Ɗan fari ne fa. Ya ambace ni, ya ambaci Barau, ya ambaci Cindo. Amma ya buɗe baki a gaban baƙuwa ya ce da ɗansa na fari yake gane ƙofar masallaci, alhali ɗan yana zaune a bakin ƙofa yana ji? Malam Ishaƙ gara ya mutu a ɗaki. Ni ma sai da na ga ya tsaya yana karkata kunne na tuna.”

Na ce, “To Iya, ai ba kullum nake bugu ba.”

Ta ce, “Yaushe ka taɓa yin shiru, Ɗanjuma? In ba guduma ba, injinka ne, in ba inji ba, bakinka ne kana faɗa da mutane. Ka tuna bara da ka tafi Gagarawa ɗaurin auren ƙanwar matarka ka kwana biyu? Kwana biyun nan bai fito ba. Ya ce mura yake yi. Ni na kai masa fura, ko atishawa ban ji ya yi ba.”

Shekara goma sha biyu ina ganin mutumin nan yana wuce ni kamar turke, ashe ni yake nema da kunne tun daga wurin Cindo. Na juya baya na yi kamar ina duba rim, don kada 'yan adaidaita su ga idona su samu abin tsokanata har shekara.

Mansura ta cire tabarau ta goge, ta zaro taswirarta ta shimfiɗa a kan gwiwa. Ta ce takardar nan ta sha gogewa har ta kusa hujewa, amma ɗaya ta rage. Kusurwar masallacin da ma an ware ta ne don ajiye baburan masallata. Ta raba ta biyu ta ba ni rabi, ta buɗe min mashiga daga titin da ke zagaye, yadda mai taya zai shigo ya fita bai taka wurin masu ƙafa ba. Aikin da nake samu a nan bai kai na yamma ba, na sani, ita ma ta gaya min. Na ce ta zana kawai.

Wata huɗu aka yi ana aikin, gefe-gefe, don ta hana a toshe hanyar Baba ko na yini ɗaya. Yanzu in kun zo Filin Durumi ba za ku gane shi ba. Motocin shanu suna bin gefe a layi, an rufe lambatun nan gaba ɗaya, an zuba kujerun siminti a inuwa. Da aka yi jana'izar farko a sabon sararin, sahu bakwai aka yi babu wanda ya matsa wa babur. Layin nan mai kaushi ma an yi shi, ya bi lanƙwasa ukun har ƙofar masallaci, kuma na lura sandar Baba ta fara saba da shi. Ko ranar da ɗayanmu ba ya nan zai kai kansa, wannan kuwa shi ya sa nake barci da daɗi.

Ranar da aka kwashe kayan aiki na ƙarshe, azahar ta gabato babu ko keke ɗaya a wurina. Na ji Barau ya gaishe shi, na ji Iya, na ji Cindo. Na jawo tsohon rim ɗin nan na hau bugu. Da ya zo daidai ni sai ya rage tafiya, abin da bai taɓa yi ba. Bai juyo ba, fuskarsa tana kallon masallaci, kamar da bangon yake magana.

“Mai facin nan, bugun banza kake yi. Babu taya a jikin ƙarfen nan, ina jin bambanci.”

Na tsaya da guduma a sama, na ce, “Haka ne, Baba.”

Ya ce, “A ci gaba. Allah ya yi albarka.”

Ya cire takalminsa ya shige. Rim ɗin nan yana nan har yau a gefen rumfata, duk ya lotse. Masu sayen tsohon ƙarfe sun taya shi sau uku, na ce ba na sayarwa ba ne.